Ina son matsar da bangon kicin a filat ɗina: nawa zai ci, kuma sai na nemi izini?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masana harkar gini a taimaka min da shawara. Na sayi filat mai ɗaki uku a Garki, irin tsofaffin gidajen gwamnatin nan da aka sayar wa ma'aikata lokacin da El-Rufai yake ministan Abuja, ni kuma a hannun magadan wani na saya. Benen hawa uku ne, ni ina na tsakiya, akwai mutum a ƙasana akwai a samana. Matsalar kicin ɗin ne, ya yi ƙanƙanta sosai, in uwargida ta shiga ita da yarinya to sai ɗaya ta fito kafin a iya buɗe firij. Shi ne nake so a rushe bangon da ya raba kicin da falo a matsar da shi kamar ƙafa huɗu zuwa cikin falo tunda falon yana da girma. Wani birkila ya ce dubu 350 komai da komai, wani ɗan kwangila kuma ya ce miliyan 1 da dubu 300. Wannan tazara ta ɗaure min kai, wa ke son cutata a cikinsu? Na biyu kuma, aikin cikin gidana ne, ba a waje zan ƙara komai ba, shin sai na nemi izinin hukuma ko kuwa kawai in sa a fara?

Sadauki77:
Wa alaikumus salam. Gidanka ne da kuɗinka ka saya, wane izini kuma? Ka kira mai dubu 350 ya fara ranar Asabar kawai, kafin Litinin an gama an share waje.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Sadauki kai dai ba ka tashi ba da shawara sai ta gaggawa. Mutum ya ce maka akwai mutane a samansa da ƙasansa kana cewa gidansa ne. Ɗakunan ne nasa, amma ginin ai na su duka ne.

Injiniya_Tsafe:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kar ka bari kowa ya ɗaga guduma tukuna. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne matsar da bango aiki biyu ne daban, rushe tsoho da gina sabo, kuma kowanne da nasa haɗarin. Kowa tsohon yake tsoro, wai ko yana ɗauke da nauyi, kuma gaskiya ne dole a duba. Amma a bene ni sabon bangon ya fi ba ni tsoro. Yawanci wanda ya zana ginin ya san a nan bango zai zauna, sai ya sa bim, wato dogon kankare mai rodi da ke kwance, a ƙarƙashinsa ya kai nauyin kan fila, wato ginshiƙin da ke tsaye. In ka matsa ƙafa huɗu to ka sauka daga kan bim ka hau tsakiyar dekin, wato shimfiɗar kankaren da ta raba hawa da hawa, shi kuma dekin na gidan zama galibi kaurinsa inci shida ne, an lissafa shi ne don mutane da kujeru da gado.

Mu yi lissafi. A ce tsawon bangon mita 3.6, tsayi mita 3, wajen sukwaya mita 11 ke nan. Kowace sukwaya mita tana cin bulo 10, bulo 110 ke nan. Bulo inci shida ɗaya yana kai kilo 17 zuwa 18, ka ƙara kwaɓin da aka ɗora shi da filasta ciki da waje, ka haura tan 2. Kamar ka ɗauko Hilux ne ka ajiye a kan silin ɗin maƙwabcinka na ƙasa, kuma ba a shimfiɗe ba, a kan layi ɗaya siriri. Ba lallai ya rufta ba, amma dekin zai iya lanƙwasawa a hankali, tayil ya fara tashi, silin na ƙasa ya tsage.

Baban_Ilham:
Ikon Allah. Injiniya wallahi ni ko kaɗan ban kawo wannan a raina ba, duk tunanina yana kan wanda za a rushe. To yanzu ta yaya zan gane ko akwai bim a wurin?

Injiniya_Tsafe:
Abu mafi sauƙi ka sauka wajen maƙwabcinka na ƙasa da sallama, ka roƙi a bar ka ka ga silin ɗin falonsa da kicin. In ba a rufe da POP ba za ka ga bim ɗin ya sauko ƙasa da dekin. Ka auna da tef daga bangon waje zuwa bim, ka hau naka ka auna haka. Sannan ka hau wajen na sama ka ga ko shi ma bangonsa yana daidai kan naka. Wannan duk don ka samu haske ne, ba shi ne hukunci ba, hukunci sai injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ya zo ya gani da idonsa, ya ɗan fasa filasta a saman bangon ya ga abin da ke zaune a kai.

Birkila_Dan_Zazzau:
Da girmamawa Injiniya, amma ku 'yan boko kuna son tsorata mutane. Ni na daɗe a wannan sana'a tun ina yaron magini, in na ƙwanƙwasa bango da bayan cokalin gini na san ko mai ɗaukar nauyi ne. Inci tara shi ne na nauyi, inci shida na raba ɗaki ne kawai, a rushe shi ba abin da zai faru. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa wace jami'a ya je? Ga shi har yau ana zuwa kallo.

Injiniya_Tsafe:
Malam Birkila Allah ya ƙara girma, ba wanda ya raina Babban Gwani, ai a ABU ma ana karantar da aikinsa. Amma shi ya san ginin da ya yi tun daga tushe, kai kuma za ka taɓa ginin da wani ya yi kusan shekara 40 da suka wuce ba ka ga rodin da ke ciki ba. Kuma zancen inci shida ba ya ɗaukar nauyi ba ko da yaushe ba ne. Na sha ganin bangon da asali na raba ɗaki ne, amma da shekaru suka ja dekin na sama ya ɗan sauko ya kwanta a kansa, ya zama yana tallafe da shi. Ranar da ka cire shi sai na sama ya ga tsaga a tayil ɗinsa. Ƙwanƙwasawa kuwa bulo mai rami duk ƙara ɗaya yake yi.

Birkila_Dan_Zazzau:
To na ji wannan. Amma dai a tokare da ƙarfe ko gora kafin a rushe, a fara daga sama layi layi, ba a sa masa guduma daga gindi ba, wannan mu muka koya wa yaran injiniyoyi a wajen aiki.

Ummu_Sudais:
Ni tambayata daban ce, me ya sa ba za a cire bangon gaba ɗaya ba a bar kicin a buɗe da falo irin yadda ake yi yanzu? An huta da zancen nauyin sabon bango.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ummu Sudais rufa mana asiri. Kicin a buɗe a gidan Bahaushe? Ki sa daddawa a miyar kuka ko ki soya manja, labule da kujeru duk su kwashe, sannan abokan maigida suna zaune a falo ke kina tuƙa tuwo da ɗaurin ƙirji suna kallonki. Wannan tsarin na masu dafa indomi ne da shayi.

Ummu_Sudais:
Hhhh Hajiya ai akwai na'urar zuƙe hayaƙi. Ƙanwata a Lokogoma haka nata yake kuma ba wani wari.

Hajiya_Mai_Atamfa:
In an ɗauke wuta fa, na'urar da me za ta zuƙa? Ki tambayi ƙanwar taki ina take soya kifi, na tabbata a baranda take yi da risho ko ƙaramin gas.

Baban_Ilham:
Buɗaɗɗen kicin kam ba ya cikin lissafi, uwargida ta ce ko da wasa. Mu dawo kan kuɗin dan Allah, dubu 350 da miliyan 1.3 wanne ne na gaskiya?

QS_Gombawa:
Duka biyun za su iya zama gaskiya saboda ba abu ɗaya suke maka lissafi ba. Shi birkila abin da ya sani ya ƙirga: bulo 110, siminti buhu 5 ko 6 na ɗori da filasta, yashi, kuɗin hannunsa da lebura biyu. Da siminti a wajen dubu 10 buhu, in ka haɗa za ka ga dubu 350 ɗin ba ƙarya ya yi ba. Amma bangon kicin ba bulo kaɗai ba ne. Akwai wayar wuta a cikinsa, soket na firij da na hita da makunnin fitila, dole mai wayarin ya zo ya kashe layin ya sake jan bututu a sabon wuri. In sink yana jikin bangon to ga falamba, ruwan shiga da na fita. In ka rushe za a bar rami a ƙasa tsawon bangon, kuma ƙafa huɗun da ka ci daga falo tayil ɗin falo ne a wurin ba na kicin ba, irin tsohon tayil ɗin nan ko tarazo ba za ka same shi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ba ko ka kwana kana yawo, ƙarshenta sai ka sake tayil ɗin kicin duka. Silin ma haka. Sai sikiridin, wato shafen da ke santsar da bango, da fenti, kuma ba za ka fenta bango ɗaya ka bar sauran falon da tsohon launi ba. Sai kabet na kicin da za a cire a mayar, sau da yawa in aka ɓalle shi ba ya komawa daidai. Sai kwashe ɓaraguzai daga hawa na biyu a buhu a kai, a sauko da su ta matakala, a kira mota ta ɗauke. Ka ce wa ɗan kwangilar ya rubuto maka kowane abu da kuɗinsa a layinsa, shi ma birkilan ka tambaye shi wa zai biya mai wayarin da mai tayil. A nan za ka ga dubu 350 ta fara haihuwa.

Auwal_Solar:
Gaskiya ne QS. Kuma a duba allon wuta, a wasu tsofaffin filat ɗin akwatin fis yana jikin bangon kicin ko na koridor. In nan yake to duk wayoyin gidan nan suka taru, matsar da shi kaɗai aiki ne na kwana biyu. A kashe wuta daga mita kafin a fara fasa, kar a dogara da makunni, kuma in akwai inbata a cire ta ita ma don mutane suna mantawa da ita.

Sadauki77:
Duk kun bi kun tsorata bawan Allah. Mu a Kano gidanmu an rushe bango an haɗe ɗaki biyu ba wanda ya je hukumar tsara birane ta KNUPDA ba wanda ya kira injiniya, shekara nawa yanzu lafiya lau.

Maman_Walid:
Sadauki gidanku bene ne ko na ƙasa?

Sadauki77:
Na ƙasa ne.

Maman_Walid:
To ka gani. Abin da ke saman bangonku kwano ne da katako. Ni bari in ba ku nawa, muna haya a hawan ƙasa a wani gida a Kaduna, na samanmu ya sayi nasa ya ce zai mayar da sito banɗaki. Ba sallama ba komai sai ƙarar guduma muka ji da safe. Suka gina bango, suka fasa dekin suka zura bututu. Ba a jima ba silin ɗin ɗakin yarana ya fara zane kamar taswira, fenti yana kumbura yana zubowa, in an yi wanka a sama mu a ƙasa sai mun tara bokiti. Da muka yi magana cewa ya yi ai cikin gidansa ya yi aiki. Mai gidanmu da shi suka yi ta jan magana har muka gaji muka tashi. Don haka Baban Ilham ko hukuma ba ta tambaye ka ba, ka ji tsoron Allah ka shiga wajen na ƙasa ka gaya masa.

Malam_Na_Bakin_Kasuwa:
Maman Walid ta faɗi gaskiya. Annabi SAW ya ce babu cuta babu cutarwa. Kuma wannan mas'ala ta mai sama da mai ƙasa ba sabuwa ba ce, malaman Malikiyya sun yi maganarta tuntuni. A cikin Risala ma an kawo cewa gyaran hawan ƙasa yana kan mai shi, kuma in na ƙasan ya yi rauni shi zai tokare ɗakunan sama har a gyara, an kuma hana mutum yin abin da zai cutar da maƙwabcinsa. Kai Baban Ilham kana tsakiya, ga na sama kai ne mai ƙasa, ga na ƙasa kai ne mai sama, haƙƙi biyu ne a wuyanka.

Barista_HK:
Bari in taɓa ɓangaren izini tunda an bar shi a baya. A Abuja masu wannan aiki su ne Development Control, sashen sa ido kan gine-gine da ke ƙarƙashin AMMC, hukumar kula da birnin Abuja, su ne masu zuwa su shafa jan fenti a bango su rubuta a dakatar da aiki. Dokar tsara birane ta 1992 ita ce ginshiƙi, kuma ba sabon gini kaɗai ake nema wa amincewa ba, sauya fasalin ginin da aka amince da zanensa shi ma yana ciki. Fenti, canza tayil, canza ƙofa, wannan gyara ne ba mai tambayarka. Amma rushe bango a gina wani a bene mai gidaje da yawa ya wuce kwaskwarima. Abin da za su so gani shi ne takardun mallaka, zanen yadda gidan yake yanzu da yadda kake so ya koma daga akitek mai rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, da rahoton injiniya mai hatimin COREN. Kuɗin kuma su suke ƙiyastawa bayan sun duba, ka biya ta banki ka riƙe rasit, kar ka ba wani a hannu ya ce zai taya ka. Na biyu, ka ɗauko takardun cinikin gidan ka karanta sharuɗɗan, har da na farko da aka ba wanda ya saya daga gwamnati, irin waɗannan takardu sau da yawa suna da sharaɗi a kan canza gini. In kuma akwai ƙungiyar mazauna benen ka sanar da su a rubuce.

Sadauki77:
Barista tsakani da Allah mutum nawa ne a Garki suka bi wannan layin kafin su taɓa bangon kicin? Kai kanka ka sani.

Barista_HK:
Ban ce kowa yana bi ba. Ni dai aikina in faɗa maka inda za ka tsaya ranar da abu ya lalace. In silin na ƙasa ya tsage ya kai ka kotu, tambayar farko ita ce wa ya ba ka izini kuma wane injiniya ya sa hannu. In ba ka da ko ɗaya to ko tsagar ta girmi aikinka kai za a ɗora wa. Shi ya sa ma nake ba da shawara kafin a fara a ɗauki hoton silin da bangon na ƙasa da na sama, da kwanan wata, kowa ya gani.

Zainab_Leeds:
Ku kuna da sauƙi wallahi. Nan Ingila yawancin filat ba ka mallaki ginin ba, hayar dogon zango ce ta shekara 99 ko 125, akwai mai asalin ginin. Kafin ka taɓa bango sai ya ba ka izini a rubuce, kuma kai za ka biya lauyansa da mai duba masa gini. In bangon mai ɗaukar nauyi ne sai injiniya ya yi lissafin ƙarfen da za a sa, ma'aikatan Building Control masu duba gini su zo su gani kafin a rufe. In aikin ya taɓa bango ko dekin da kuka haɗa da maƙwabci akwai dokar 1996 da ta ce ka ba shi sanarwa wata biyu kafin ka fara. Wanda ya yi a ɓoye ranar sayar da gida ake kama shi, lauyan mai saye zai ce ina takardar. Sai dai mu bangon cikin gida yawanci katako ne da allon jifsam, wato siririn allo na filasta, ba nauyi.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Wana yana Faransa, can ma in bangon mai ɗaukar nauyi ne sai an kai maganar taron masu gidajen benen duka sun jefa ƙuri'a, kuma taron sau ɗaya ake yinsa a shekara in ba ka biya an kira na musamman ba. In na raba ɗaki ne kawai ba ruwan kowa. Mu nan Maradi gidajen ƙasa sun fi yawa, mutum shi da magininsa ne.

Abba_Fagge:
Masu cewa ba komai su tuna benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a 2021, da na titin Beirut a Kano a 2022, da wanda ya faɗi a ƙauyen Garki a 2023, nan kusa da kai ma Baban Ilham.

QS_Gombawa:
Abba a yi adalci, na Ikoyi da na Beirut ana cikin gina su ne suka faɗi, ba bangon kicin aka matsar ba. Kar mu haɗa abin da bai haɗu ba.

Injiniya_Tsafe:
Haka ne QS. In misalin da ya dace ake so to na Rio de Janeiro ne a Brazil, Janairun 2012, bene mai hawa 20 a tsakiyar gari ya rufta da daddare ya haɗa da gine-gine biyu na kusa da shi, mutane suka mutu. Bincike ya danganta abin da gyaran da ake yi a wani hawa inda aka cire bangaye. Bayan nan ne a 2014 suka fito da ƙa'idar cewa duk mai gyara a filat sai ya kawo takardar injiniya ko akitek ga mai kula da benen. Ban ce na Baban Ilham zai kai haka ba, nasa ƙaramin aiki ne, amma can ma masu aikin gani suke gyaran cikin ofis ne kawai.

Baban_Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai. Jiya bayan la'asar na sauka wajen na ƙasa, dattijo ne ɗan fansho, ya karɓe ni hannu bibbiyu har da shayi. Silin ɗinsa ba POP, dekin ne aka yi wa fenti, kuma ga bim nan ƙuru-ƙuru daidai kan bangon kicin ɗinsa, wato daidai ƙarƙashin nawa. Na auna ƙafa huɗu zuwa cikin falonsa, ba komai a wurin sai ƙugiyar fanka, kuma daidai nan kujerar da yake zama kallon labarai take. Na sama ma na leƙa, bangonsu yana kan nawa. Dattijon na ƙasa ya ce shi ba ya hana ni gyara amma in kawo injiniya ya yi masa bayani da bakinsa.

Injiniya_Tsafe:
Madalla. Wannan alama ce mai kyau ta ɓangare ɗaya, tunda akwai bim a ƙarƙashin naka mai yiwuwa akwai wani a samansa da ke ɗauke da bangon na sama, ka ga tsohon bangon zai iya fita lafiya in an tabbatar. Amma ka sani bim ɗin saman zai rage a wurin, zai ratsa tsakiyar sabon kicin ɗinka, ba a taɓa shi ko da wasa, sai dai a rufe shi da silin. Duk wanda ya ce maka zai ɗan sassaƙe shi ko ya huda shi ya wuce da bututu ka sallame shi a ranar. Sabon bangon kuma ni ba zan sa bulo ba. A yi shi da firam na ƙarfe mara nauyi da allon jifsam gaba da baya, duka bangon bai fi kilo 300 ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allon jifsam a kicin Injiniya? Da ruwa da tururi da yara masu buga ƙwallo a falo? Kuma kabet ɗin sama da za a cika da kuloli da tangaran a jikin me za a rataye shi? Wata maƙwabciyata nata ya ɓallo da tsakar dare, kayan aurenta kaf suka tafi.

Kafinta_Sabo:
Hajiya wannan laifin wanda ya kafa ne. Ba a ɗaure kabet a jikin allon kansa, kafin a rufe ake sa filawud mai kauri ko katako a tsakanin ƙarafan daidai inda kabet zai zauna, sukurun ya kama shi. Ta ɓangaren kicin a sa allon nan kore mai jure danshi ko allon siminti, ana manna tayil a kai lafiya. A cusa auduga ta gilashi a tsakiya saboda ƙara. Abin da ya fi ma a bar sink da kabet masu nauyi a bangon bulo na waje, sabon bangon a jingina masa firij kawai.

Birkila_Dan_Zazzau:
Wato dai an kore mu daga aikin an ba kafinta. To rushewar fa, ita ma da allon jifsam za a yi ta?

QS_Gombawa:
Hhh Malam Birkila rushewa da gyaran filasta naka ne ba mai ƙwace maka. Baban Ilham kar ka ɗauka jifsam zai fi araha, kayan daga waje ake shigo da yawancinsu, suna bin dala, zai iya yin daidai da bulo ko ya ɗan fi. Ribarsa ba jiran bushewa, ba hawa da yashi da ruwa bene. Ka ware kuɗin injiniya da na zane daban, sannan ka ajiye kashi 10 zuwa 15 a gefe, tsohon gida in aka buɗe shi ba a rasa abin da za a tarar, musamman tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa.

Nura_Mai_Haya:
Ni ina da tambaya a gefe, wanda yake haya fa? Ina so in raba falona biyu da filawud saboda ƙanina da ya zo karatu.

Barista_HK:
Nura kai naka izinin mai gida ne, kuma a rubuce ko da saƙon WhatsApp ne, ba ta bakin ejan ba. Ku yi magana tun yanzu ko za ka cire in za ka tashi da wanda zai gyara ramukan sukuru, in ba haka ba kuɗin ajiyarka ya tafi.

Sadauki77:
Ni har yanzu ina kan bakana a zancen izini. Injiniya na yarda a kira shi tunda akwai dattijo a ƙasa. Amma bangon kwali da za a kafa a wuni ɗaya shi ma sai an kai fayil ofis an yi ta sintiri? Kafin a sa hannu Ilham ta yi aure.

Barista_HK:
Ba kafa na kwalin ba ne abin dubawa, cire na bulon ne. Kuma ɓaraguzan da za a tara a ƙofar bene su suke kiran masu jan fenti, ba sai wani ya kai ƙara ba.

Zainab_Leeds:
Ko don ranar sayarwa ma ai takardar tana da amfani.

Abba_Fagge:
Anti Zainab a nan wa zai tambaye ki zanen kicin ranar sayarwa, takardar C of O kawai ake dubawa a AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, a biya.

Baban_Ilham:
Injiniyan da wani abokina ya haɗa ni da shi zai zo ranar Asabar, ya ce in nemo tsani da wanda zai fasa masa filasta a wuri biyu. Zancen izini zan tambaye shi yadda suka saba yi, in kuma leƙa ofishin da kaina in ji abin da za su ce kafin in yanke. Yanzu rigimar da ta rage a cikin gida take, na nuna wa uwargida hoton bangon jifsam ta ce ita ba za a raba ta da baƙi da kwali ba, duk abin da ta faɗa a kicin za a ji a falo.

Kafinta_Sabo:
Alhaji a ninka allon biyu ta ɓangaren falo, da audugar a tsakiya, sai ta ɗaga murya sosai kafin a ji. Ƙofar ce ma ta fi fitar da magana, a sa mai nauyi.

Ummu_Sudais:
Kafinta Sabo kana zuwa Lugbe? Kuma allon koren nan nawa ne guda yanzu, ni ma akwai inda nake so a raba min a shago.